Goga wuƙa a fata bayan an wasa ta

Ƙannena masu koyon fawa, da masu tsire, da duk wanda ake miƙa wa wuƙa ranar layya, akwai aikin da ke biyo bayan dutse wanda yawancinmu muke tsallakewa. Idan ka wasa wuƙa, wani ɗan siririn ƙarfe yakan lanƙwashe a bakinta. Ido ba ya ganinsa, amma idan ka shafa yatsa a hankali daga bayan wuƙar zuwa bakinta za ka ji yana kartarka. Muddin yana nan, wuƙar za ta yi ci a yankan farko, kafin a gama fiɗa kuwa ta dakushe. Fata ce ke cire shi, shi ya sa wanzami yake goga askarsa kafin ya ɗora ta a kan mutum.

Ba sai ka sayi komai mai tsada ba. Nemi miƙaƙƙen katako mai tsawon kamar santimita 30, faɗinsa 6 ko 7, ka manna masa ƙirgi da gam. Fatar saniya da aka jeme da bagaruwa ta fi, saboda taurinta, kuma a Kano ana samun guntayenta wajen dukawa a Kasuwar Kurmi. Ni da fatar akuya na fara don kyanta, na rataye ta a ƙusa ina ja. Taushinta ya sa take lotsawa tana naɗe bakin wuƙar, sai ta mulmule kaifin da na sha wuya na fitar a dutse. Na daɗe ina ɗora wa maƙeri laifin ƙarfe marar kyau, alhali fatata ce.

A fata, bayan wuƙa ne ke gaba, baki yana biye. Idan ka tura baki gaba, za ka yanke fatar. Don gane yadda za ka karkata ta, kwantar da ita a kan fatar, ka riƙa ɗaga bayanta kaɗan-kaɗan kana ɗan tura ta, har ka ji bakin ya fara kama fata. To, sauke ta ɗan kaɗan daga nan, ka riƙe hannunka a haka. Ga wuƙar girki, wajen digiri 15 zuwa 20 ke nan kowane gefe.

Inda na fi ɓarna shi ne dannawa. A zatona ƙarfi ne ke kawo kaifi, ashe nauyin wuƙar da ɗan taɓin yatsu ya wadatar. Sai kuma wuyan hannu: idan ka kai ƙarshen fatar, hannu yakan so ya murɗa sama, kuma wannan murɗawar kaɗai tana rusa duk abin da ka yi. Ka tsaya cak, ka ɗaga wuƙar gaba ɗaya, ka juya ta ta bayanta, sannan ka dawo da ɗaya gefen. Ka ja daga gindi zuwa tsini, kada tsinin ya zama saniyar ware. Goga goma zuwa ashirin kowane gefe sun isa, kuma ba a gaggawa. Wanzamin da ka ga yana yi fat-fat ya shekara da shekaru hannunsa yana sabawa.

Akwai koren abin goge ƙarfe da ake sayarwa dunƙule. Idan ka samu, ka shafa shi sama-sama, yana sa bakin ya yi sumul da wuri. Amma ka wanke wuƙar da sabulu kafin ta taɓa nama. Ka kuma goge ta da tsumma bayan dutse kafin ta hau fata, domin ƙwayar yashi ɗaya idan ta nutse a fatar za ta yi ta karce maka baki.

Manzon Allah (SAW) ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, don haka gwada wuƙarka tun kafin a kayar da rago, kuma ba a gabansa ba. Riƙe takarda a iska ka yanka. In ta wuce ba tare da yagewa ba, ta yi. In kuwa ka duba bakin a rana ka ga yana ƙyalli, wurin ya dakushe ne, fata ba za ta gyara shi ba, sai ka koma dutse.