Abin da aikin dashen haƙori ya koya mana

Mai giɓi idan ya zauna a kujerar likitan haƙori a Bauchi, tambayarsa ta farko kusan kullum ɗaya ce: "Likita, yaushe za a sa min?" Hankalinsa yana kan farin haƙorin da zai bayyana idan ya yi murmushi. Mu kuwa masu aikin, shekaru sun koya mana cewa farin nan shi ne mafi sauƙi a lamarin. Wahalar tana ƙarƙashin dasashi, cikin ƙashin muƙamuƙi.

Da yawa suna ɗauka dashe kamar haƙorin Makka ne, wanda yawanci hula ce ake kifa wa haƙorin da ke nan. Dashe kuwa saiwa ake maye wa gurbi, kuma kashi uku ne. Akwai sukuru na ƙarfen titaniyam da ake murɗawa cikin ƙashi, kaurinsa galibi milimita 3.5 zuwa 5, tsawonsa 8 zuwa 13. Akwai ɗan wuya da ake ɗaura masa, ya leƙo saman dasashi. Sai hular da ake gani. Wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo ya kama titaniyam har ya ƙi rabuwa da shi, sannan ya yi wa mutum dashen farko a 1965. Duk aikin a kan wannan kamun ya dogara.

Jinkiri shi ne babban abin da ke ɓata mana lissafi. Daga ranar da aka cire haƙori, ƙashin wurin yake fara zaizayewa, don ba shi da sauran abin riƙewa. Cikin shekara guda faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi, kuma mafi yawan asarar a watanni uku na farko take faruwa. Wanda aka fizge masa turmi a kasuwa shekara takwas da suka wuce, sau da yawa ƙashin da za ka tarar ya koma kamar bakin wuƙa. Dole a yi cikon ƙashi tukuna, a jira wata huɗu zuwa shida, kuɗi ya ƙaru, zirga-zirga ta ƙaru. Ga wanda ke tahowa daga Azare ko Ningi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, gara a faɗa masa tun ranar farko.

Hoton ƙashi (X-ray) da aka saba ɗauka yana nuna tsayin ƙashi amma ba ya nuna faɗinsa, don haka a wurare masu haɗari sai an yi hoton nan mai nuna ƙashi ta kowace fuska, ko da zai sa a yi tafiya. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji. Ana barin tazarar milimita 2 tsakaninta da sukuru. In aka taɓa ta, leɓe zai mutu kamar allurar kashe zafi ba ta sake shi ba, wani lokaci har abada. A sama kuma, kan turame, akwai kogon iska na gefen hanci da ake iya hudawa. Tsakanin dashe da haƙorin da ke maƙwabtaka da shi a bar milimita 1.5, tsakanin dashe biyu kuwa 3.

Hudar ƙashin da sukuru zai shiga, ita kanta ba a yi mata gaggawa. Ana farawa da siririn bakin injin mai milimita 2, a riƙa ƙara kauri mataki-mataki, ruwan gishiri mai sanyi yana zuba ba yankewa. Ƙashi idan ya kai zafin digiri 47 na minti ɗaya ya ƙone. Abin takaicin shi ne ranar ba za a ga komai ba, sukuru zai zauna daram, sai bayan makonni ya fara girgiɗi. Bakin injin da ya dakushe ma haka yake yi, kuma rowar canza shi ta jawo asarar dashe ba ɗaya ba.

Daga nan sai jira: kamar wata uku a ƙasa, har zuwa shida a sama, inda ƙashi ya fi taushi. In sukuru yana motsi a wannan lokaci, tsoka ce za ta kewaye shi maimakon ƙashi. Shi ya sa haƙorin roba na wucin gadi ake rage cikinsa don kada ya danne wurin.

Akwai waɗanda ya kamata a ce musu su dakata. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, sai ya daidaita. Mai shan sigari, da mai cusa taba gari a baki. Wanda dasashinsa ke jini da mugunya, a fara da maganin wannan. Yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, wajen ƙasa da shekara 18, domin haƙoransa za su ci gaba da tafiya, dashen ya tsaya inda aka bar shi. A kuma tambayi tsofaffi ko suna shan maganin ƙarfafa ƙashi.

Dashe ba ya ruɓewa, wannan ne ke yaudarar mutane su yi sakaci. Dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa, ƙashi ya yi ta narkewa shiru, galibi ba zafi, alamar kawai jini ne wajen wanke baki. Aswaki yana da kyau, amma ba ya shiga lungun da ke tsakani. Sai da ɗan siririn burushi ko zare, da zuwa dubawa duk wata shida. Sannan haƙorin Allah yana da ɗan matashi tsakaninsa da ƙashi, mai sanar da kai ka ciji tsakuwa. Dashe ba shi da shi. Fasa ƙashi, ɓare rake, busasshiyar aya, buɗe kwalba, duk sukan tsaga hula ko su kwance ƙaramin sukurun da ke ɗaure wuyan.

In hula ta fara motsi, yawanci wannan ƙaramin sukurun ne, ɗaure shi aikin mintoci ne. Sai dai kowane kamfani da irin maɗaurinsa. Mara lafiya ya karɓi takarda mai sunan kamfanin da girman dashen ya adana, domin in ya koma Gombe ko Kano, likitan can ba zai iya kwance sukurun da bai san irin kansa ba.