Takardar da ake tambaya a ƙofar ajin ƙananan yara

Ƙannena da kuka ci Bak, jarrabawar gama sakandare, kuna sha'awar koyar da ƙananan yara, a Garuwa kuke ko Marwa ko Ngawundere, ku fara sanin takardar da za a tambaye ku. A Kamaru sunanta CAPIEMP, shaidar malamin matarnel (ajin yara kafin firamare) da firamare, kuma a makarantar horon malamai ta ENIEG ake samun ta bayan an ci konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga. Lisans na jami'a ba ya maye gurbinta. Babbar makarantar horon malamai ta ENS ta Jami'ar Marwa kuwa, jami'ar da aka kafa a 2008, malaman kolej da lise take yayewa, har da masu koyarwa a ENIEG ɗin kanta.

Ni jami'a na nufa, don a unguwarmu ana ganin ENIEG mafakar wanda ya rasa gaba ce. Gwaggota cewa ta yi, "Da Bak ɗinki za ki je sharce majinar 'ya'yan mutane?" Na gama lisans, na kai takardu inda ake ɗaukar malaman gwamnati, aka ce ina CAPIEMP. Haka na dawo na zauna konkur da ƙannen bayana. A lokacin mai Bak shekara 1 yake yi, mai Probatuwar (jarrabawar shekarar da ke kafin Bak) 2, mai BEPC (shaidar gama kolej) 3. Sharuɗɗa kan sauya, don haka ku karanta sanarwar shekararku daga ma'aikatar sakandare, MINESEC. Ita ke riƙe da ENIEG, ko da yake makarantun da za ku koyar a ƙarƙashin ma'aikatar ilimin firamare, MINEDUB, suke. Jami'a ba ta gudu, ana iya komawa daga baya.

Inda girman kaina ya fi cutar da ni shi ne sitaj, wato gwajin koyarwa a aji. Na kwana ina tsara fish, takardar shirin darasi, da Faransanci mai kyau, na shiga ajin 'yan shekara 4 waɗanda a gida Fulatanci suke ji, ko Hausa, ko Mundang, ko Tupuri. Na tsaya gaban allo ina zuba bayani. Kafin in kai rabi wasu sun koma kallon ƙadangare a taga, ɗaya ya kwanta a tabarma, wata kuma ta jiƙa wandonta, don ba ta san yadda ake neman izinin fita da Faransanci ba, ni kuma ban lura da yadda take matse ƙafafu ba. Metires ɗin, wato malamar ajin, dattijuwa ce, ba ta ce mini uffan ba. Ta tafa hannu, ta ɗauko waƙa, ta juye gwangwanin marafen kwalba a tsakar tabarma. "Nawa ne nan?" ta tambaya da Fulatanci, sannan ta maimaita da Faransanci. Darasin ƙirgar da na kasa, a zaune a ƙasa ta gama shi.

Ku nemi a tura ku matarnel da gangan, kada ku laɓe a manyan azuzuwa don sun fi sauƙin shiri. Ku sa ido kan abin da fish ba ya ɗauka: yaro sai ya ja layi da zobe a yashi da yatsa kafin hannunsa ya iya riƙe alli, aikin da ke son natsuwa da sassafe ake yinsa, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma wanda ya yi shiru da yawa wataƙila bai karya ba. Ku koyi gaisuwa, da "ruwa", da "zo nan", da "fitsari" a harsunan yaran ajinku. Iyayen da ke kawo su za su koya muku a bakin ƙofa.

Sai maganar aiki. CAPIEMP ba matirikil ba ne, wato ba lambar ma'aikacin gwamnati ba ce. Da yawa a makarantar kuɗi suke farawa, ko a matsayin malamin da ƙungiyar iyaye ta APEE ke biya, suna jiran a buɗe ɗaukar 'yan kwantiragi. Duk inda kuka koyar, ko na wata uku ne, ku karɓi takardar shaida mai hatimin direkta kafin ku tafi. Kuma tun yau ku jera akt ɗin haihuwa da BEPC da Bak ku duba rubutun sunanku. In nan Aïssatou ce, can Aïchatou, a gyara kafin a buɗe karɓar dosiye, wato takardun neman aiki.