Daga Kano Zuwa Bauchi da Birki Mai Cafka

Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka bar Kano, ni da Hajiya mahaifiyata da ƙanwarta Goggo, za mu ɗaurin aure Bauchi. Motar ita ce Fijo 504 doguwa, wadda marigayi mahaifinmu ya bari. Duk daminar bara a kakkafe take a zaure, don haka kwana biyu kafin tafiyar na sa aka canja mata baƙin mai da batir, aka duba tayoyi. Birki kuwa ban sa an taɓa shi ba, tunda yana kamawa.

Tun a Hotoro na fara jin wani abu. Na ɗan ɗora ƙafa zan bai wa mai adaidaita hanya, sai motar ta cafke kamar wanda ya take birki da dukkan ƙarfinsa. Na ɗauka tsatsa ce, domin motar da ta jima a ajiye cikin laima takan yi haka, kuma in aka taka sau biyar ko shida sai ta goge. Da muka hau titi sosai muna ta gudu, komai lafiya lau, har na saki jiki.

Wudil ce ta tona asiri. Ranar kasuwa ce, manyan motoci cike da shanu sun yi jerin gwano tun kafin gada, 'yan talla da masu babura sun cika gefen hanya. Tafiyar hawainiya muke a giya ɗaya, kuma duk sanda na shafi birki sai mu yi gaba mu dawo. Sau ɗaya goshin Goggo ya bugi bayan kujerata. Hajiya ta ajiye carbinta ta ce, "Kai, wannan tuƙin lafiya kuwa?" Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, birkin ne yake cizo." Mai babur da ke bayanmu saura ƙiris ya shigo mana, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Bayan gada na samu wuri na faka. Na buɗe gaban mota na duba kofin man birki, na ga ya sauka ƙasa da layi. Na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina kai bayan hannuna kusa da ƙarfen. Na baya na hagu ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Na ƙara mai daga 'yar robar da ke cikin but, muka ci gaba a hankali, ina rage gudu da giya, muka wuce Kwanar Huguma har muka isa Birnin Kudu da hantsi.

Wani mai faci ne ya nuna min wani dattijon bakanike a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Bai taɓa sifana ba sai da ya ce in ja motar a kan turɓaya in taka birki a hankali. Na yi. Ya kira ni ya nuna min ƙasa: tayoyi uku sun mirgina sun bar zanensu, ɗaya kuwa ta ja doguwar shara. "Ɗana, ga mai laifin nan," in ji shi.

Aka ɗaga da jak, aka cire taya, ya bubbuga gangar birkin da guduma ta fito. Ciki duk ya jiƙe, ƙura da man birki sun haɗu sun zama wani baƙin kwaɓi mai danƙo kamar kwalta. Robar ƙaramar silindar da ke tura lainin birki, wato abin da ke matse gangar daga ciki ya tsayar da taya, ita ce ta tsufa take yoyo. Ya yi min bayani yana goge yatsunsa: lainin da ya sha mai yakan kumbura ya yi danƙo, da ya taɓa ganga sai juyawarta ta fizge shi ciki ya manne. In ana gudu nauyin mota yana rinjayarsa, shi ya sa ba a ji sosai, amma a tafiyar cunkoso nan take yake riƙe taya.

Yaronsa ya ce a wanke da fetur a goga sanfefa mu kama hanya. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce man ya riga ya ratsa cikin lainin, da ya ɗauki zafi zai sake tsattsafowa tun kafin mu kai Ningi. Na ce, "Baba, to a canja na wannan ɓangaren." Ya ce a'a, sai dai duka biyun na baya, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi kamawa motar ta riƙa karkata. Na ji daɗin wannan tsayawar tasa ƙwarai, domin da ya bi son gaggawata da ya cuce ni.

Kafin a kawo kaya daga kasuwa muka tafi masallacin Juma'a tare da shi, su Hajiya kuma matar wani mai shago ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo musu fura da nono. Da muka dawo ya sa sababbin robobi da laini, ya wanke gangunan, ya duba sifirin ɗin da ke mayar da lainin mazauninsa. Sai fitar da iska. Ina zaune a gaba, shi yana kwance a ƙarƙashi yana kira, "Famfa! Famfa! Riƙe!" har man ya daina fito da kumfa, ƙafata ta ji birkin ya yi tauri.

Muka koma kan turɓayar nan, wannan karon babu wata taya da ta ja shara. Ya ce kar in matsa wa sabon lainin, in riƙa taka shi sannu-sannu har ya zauna, kuma in sake duba kofin mai a Ningi. Na duba, yana nan a layinsa. Duwatsun hanyar Bauchi muka ratsa da yamma, Goggo tana barci a baya, muka shiga gari ana kiran sallar isha'i.