Furfurar siye

Asabar, Houston.

Da ba don maƙwabcina ya buga min ƙofa tun ƙarfe tara ba, da yau sai azahar zan tashi, don kwana uku a jere na yi ina aikin dare. Dattijo ne, ya haura saba'in, tsohon mai walda a matatar mai. Tun da matarsa ta rasu na zama direbansa na ranar Asabar, idonsa ba ya ƙaunar babban titi. Yau baje kolin bindigogi zai je can wajen Pasadena, yana neman sabon kube na libarbar da ya gada wurin mahaifinsa. Uwargida ta harare ni ta ce, "Baban yara, kallo dai kawai, ka ji ko?" Na ce ai ko kyauta aka ba ni bindiga ba za ta shigo mana gida ba.

A bakin ƙofa akwai 'yan sanda. Duk wanda ya zo da tasa sai sun duba babu harsashi, su ɗaure ta da igiyar roba kafin ya wuce. Ciki kuwa tebura ne layi-layi kamar Kantin Kwari, ga wuƙaƙe, ga tsofaffin kayan soja, ga masu sayar da wannan busasshen naman nasu da nake kira kilishi marar ƙuli.

Ina biye da dattijon sai na ci birki a wani tebur. Bindigogi ne na zamani, AR-15 guda uku da ƙananan Glock, duk sun koɗe, baƙin fentin ya goge a gefe-gefe, farin ƙarfe na leƙowa. Na duba takardar kuɗi na ga sun fi na teburin da ke kusa tsada, alhali waɗancan sababbi ne dal. Na tambayi saurayin da ke wurin me ya sa gwanjo ya fi sabo kuɗi. Ya yi dariya har da dafa tebur. Wai ba gwanjo ba ne, ko harsashi ɗaya ba su taɓa fitarwa ba. Shi ne ya tsufar da su da hannunsa, kuma idan na kawo tawa dala 250 zai caje ni ya yi mata haka.

Bai yi rowar bayani ba. Fentin sunansa Cerakote, wani kamfani ne a jihar Oregon ke yin sa, kuma asalin amfaninsa kare ƙarfe daga tsatsa. Sai a kwance bindiga gunduwa-gunduwa, a wanke maiƙon tas, a yi mata feshin yashi don fentin ya samu wurin kamawa. A fesa launi mai haske, a ɗan nuna mata zafi, a bi da baƙi a sama. Kafin baƙin ya gama kamawa sai a sa soso mai kaushi a riƙa gogar kusurwoyi har na ƙasan ya bayyana. Daga nan a gasa a tanda kamar awa biyu, zafin wajen digiri 120 a ma'aunin da muka saba da shi. Sunan da suke kiran salon da shi, ma'anarsa "wadda ta sha yaƙi".

Na ɗauki ɗaya na jujjuya. Aikin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Amma da na matso da ita kusa da ido sai na ga abin dariya. Koɗewar ta bi ko'ina daidai wa daida, hagu da dama, har cikin wani lungu da yatsa ba ya shiga. Mariƙin kuma, inda tafin hannu ke zama, ƙal yake, ko zufa bai sani ba. Kawunan notuna babu wanda sukudireba ya taɓa kuskurewa a kansa.

Dattijon bai ce uffan ba, sai ya kwance ƙyallen da ya naɗe tasa ya ajiye a gefen ta saurayin. Ƙirar kamfanin Smith & Wesson ce. Shuɗin ƙarfenta yana nan kusan ko'ina, sai a bakin bututu, gefe da gefe, inda kube ya yi shekaru yana shafa, da bakin gangar harsashi. Katakon mariƙin na ɓangaren dama ya fi na hagu duhu da tabo, saboda shi ne ke kallon waje, shi ke karo da ƙofar mota da bakin tebur. Ko ba a gaya maka ba ka san mai ita ba bahago ba ne. Sannan ya ce wa yaron, cikin wasa amma ba wasa ba, "Ɗana, mahaifina shekara talatin ya biya kuɗin wannan fentin."

Yaron ma ba kanwar lasa ba ne. Ya ce shi bai yi wa kowa ƙarya ba, ga allo nan ya rubuta sababbi ne. Ya ce mutum ya sayi abu mai sheƙi, ƙarzanar farko sai ta hana shi barci, amma wannan ko ta faɗi a tsakuwa ba ka gane sabon tabo. Ya nuna wandon jins ɗin da ke jikina, wanda na saya da koɗaɗɗiyar gwiwa, ya ce wannan fa? Nan na yi shiru, don ya kama ni. Ya ƙara da cewa kamfanin Fender tun 1995 yake sayar da sababbin gita da aka ƙarje su kamar sun sha yawon duniya, kuma mutane na rububinsu.

Can gaba muka tarar da wani salon. Libarba irin ta kaboyi, ƙirar Colt ta 1873, sai dai sababbi ne, kamfanin Uberti na Italiya ke ƙera su, Cimarron da ke Fredericksburg nan Texas ya shigo da su, wasu da launin toka-toka kamar an tono su daga akwatin kakanni. Masu sayensu galibi 'yan wasan harbi ne da ke shigar kaboyi, da malafa da takalmi da komai. Wannan kam ban ga laifinsa ba. Ta asali tsadarta ta fi ƙarfin talaka, wanda ya mallake ta ma ba zai so ya riƙa ƙona albarushi a cikinta duk mako ba. Kayan wasan kwaikwayo ne, mai saye ya sani, mai kallo ya sani. Damuwar dattijon ita ce ranar da irin waɗannan za su bi hannu uku ko huɗu, su faɗa wurin marar tsoron Allah ya goge tambarin Italiya ya sayar wa wanda bai san kan abin ba. Ya kuma gaya min abin da ya ɗaure min kai: a wurin masu tara tsofaffin bindigogi, idan ka ɗauki tsohuwa ta gaske ka sabunta mata launi, ka karya mata daraja. Wato tsohuwa ta yi kwalliya kuɗinta ya faɗi, budurwa ta shafa furfura kuɗinta ya hau.

A hanyar dawowa ya ba ni labarin wata bindiga ƙirar Winchester da ma'aikatan gandun Great Basin a jihar Nevada suka tsinta a 2014, jingine da bishiya. Lambarta ta nuna an ƙera ta a 1882. Katakon ya bushe ya yi fari, ƙarfen ya yi ja. Ya ce mutane sun yi ta tambayar wa ya ajiye ta, me ya hana shi dawowa. Ya ce wa zai yi wa ta yaron can irin wannan tambayar?

Ni dai hankalina gida ya tafi. Mu da mutum zai sayi kujeru ya shekara bai cire ledar ba, mu da ke barin takardar kamfani manne a gilashin mota don a san sabuwa ce. Kakana mafarauci ne, yana da adaka ƙirar maƙerin garinmu. Gindinta ya tsage ya ɗaure da waya ya lulluɓe da jan fata, ga laya biyu a rataye. Inda yake riƙewa ya yi baƙi sul yana ƙyalli, saboda zufa da man da yake shafa mata duk daren Juma'a. Ranar Sallah idan ya cika ta da albarushi ya tayar, sai mun toshe kunne mun ɓuya bayan rumbu. Bai taɓa ganin tsufanta a matsayin ado ba. Da wani ya miƙo masa sabuwa, da hannu biyu zai karɓa.

Akwai kuma abin da ban iya gaya wa saurayin ba, don ban san ta inda zan fara ba. Wannan suna na "ta sha yaƙi" ya tsaya min a wuya. Na san kamannin bindigar da ta sha yaƙi. Ina ganinta a bidiyon da ake turo mana daga dazukan Zamfara da Katsina, AK-47 da fentinta ya tafi, an naɗe gidan harsashi da salatif, rataye a kafaɗar yaron da bai kai ƙanena ba. Kowace gogewa a jikinta wani ƙauye ne ya kwana a daji. Shi yaron Pasadena kyau yake gani, kuma na yarda ba da mugunta ba ne. Ni idona ya riga ya lalace.

Kuben bai samu ba, duk wanda muka gwada sai ya yi yawa. Muka tsaya ya saya min shayi mai ƙanƙara, na sauke shi.

Bayan isha'i na kira Kawu ta WhatsApp na kwashe labarin na ba shi. Ya ce, "Tsaya, ɗana. Sabuwa ce, su biya a ɓata ta?" Na ce ƙwarai, Kawu. Ya yi salati ya ce in tambaye su ko suna bukatar babur, yana da wanda ya tsufa da kansa, zai yi musu sauƙi. Na tambaye shi adakar Kaka. Ya ce tana nan a ɗakin baya inda ya bar ta, ɓeraye sun cinye fatar, zanzaro ya yi gini a bakin bututun. Na ce don Allah kar a taɓa, a ɗauko min hoto kawai da safe.