Yadda na koyi sa kwamfuta ta farauci ɓaraka a tsarin tsaro

Aikin farko da aka ba ni a rukunin masu binciken tabbatar da tsaron kwamfuta ta hanyar lissafi tsohon aiki ne, an gama shi tun tuni. An ce in ɗauki tsarin musayar saƙo da Roger Needham da Michael Schroeder suka wallafa a 1978, in rubuta shi da harshen da manhajar Tamarin ke ganewa, in bar ta ta nemo ɓarakar da ke cikinsa. Kowa a fagen ya san ɓarakar tana nan. Gavin Lowe na Jami'ar Oxford ya bankaɗo ta a 1995, bayan tsarin ya yi shekara 17 masana na karanta shi suna koyar da shi. Da shi ake yaye kusan duk sabon shiga, kuma na gane dalili tun kafin in gama.

Saƙo uku ne kacal a zuciyar tsarin. Alice, kamar yadda aka saba kiran mai fara magana, ta ƙirƙiri sabuwar lamba, ta haɗa da sunanta, ta kulle da mabuɗin fili na Bob, abokin maganarta, wato mabuɗin da kowa zai iya kulle saƙo da shi amma Bob kaɗai ke iya buɗewa, ta aika. Bob ya buɗe, ya mayar mata da lambarta tare da tasa sabuwa, a kulle da mabuɗinta. Ita kuma ta mayar masa da tasa. Tunda ba mai iya buɗe saƙon da aka kulle wa Bob sai Bob, ba mai iya buɗe wanda aka kulle wa Alice sai Alice, ai kowa ya tabbatar da wanda yake magana da shi. Na karanta shi sau da yawa ina sane da cewa akwai matsala, amma idona bai gan ta ba.

Da na sa manhajar aiki, sai ta zana mini hanyar harin. Alice ce da kanta ta fara magana da wani mutum na uku, wanda yake da rajista da mabuɗinsa na halal, sai dai munafuki ne. Ya buɗe saƙonta, ya sake kulle shi da mabuɗin Bob, ya aika kamar daga Alice. Bob ya amsa da saƙon da Alice kaɗai za ta iya buɗewa. Munafukin bai ko yi ƙoƙarin fasa shi ba, ya miƙa wa Alice yadda yake. Ita tana ganin lambarta a ciki sai ta ɗauka amsar abokin maganarta ce, ta buɗe, ta kulle lambar Bob da mabuɗin munafukin, ta ba shi. Shi ke nan, ya samu abin da zai nuna wa Bob cewa shi ne Alice. Ba a fasa mabuɗi ko ɗaya ba. Gyaran da Lowe ya kawo kuwa, Bob ya sa sunansa a saƙo na biyu, don Alice ta ga ba daga wanda take tsammani ya fito ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an taɓa nazarin wannan tsari da lissafi kafin Lowe. A 1989 Burrows da Abadi da Needham sun fito da wata dabarar mantiƙi ta nazarin irin waɗannan tsare-tsare, kuma ba ta kama wannan harin ba. Ba wai sun yi kuskuren lissafi ba ne. Sun ɗauka duk wanda ke cikin tsarin mai gaskiya ne, maƙiyi daga waje yake zuwa. Lowe ya sauya tambayar, ya ce idan ɗaya daga cikin 'yan gida ne mugun fa? Daga nan na fara fahimtar cewa rabin wannan sana'a, ko fiye, yana wajen fayyace wane ne maƙiyi da abin da aka yarda zai iya yi.

Maƙiyin da Tamarin da ProVerif, wata manhaja irinta, suke aiki da shi yana da asali. Danny Dolev da Andrew Yao ne suka siffanta shi a farkon shekarun 1980. Shi ne mai hanyar sadarwar gaba ɗaya, yana jin duk saƙon da ya wuce, yana iya riƙe shi, ya sauya shi, ya maimaita tsoho, ya ƙirƙiri sabo. Abu ɗaya aka hana shi, buɗe abin da ba shi da mabuɗinsa. Da farko na ɗauka wannan hani ya yi sassauci da yawa, amma tarihi ya nuna yawancin ɓarnar da ake samu a tsarin musayar saƙo ba daga fasa kulle take zuwa ba, daga jeren saƙonnin take zuwa da abin da kowane ɓangare ya ɗauka game da ɗan uwansa.

Bayan wannan aka ba ni aikina na kaina, tsarin da ƙananan na'urori ke bi su gabatar da kansu ga saba, wato babbar kwamfutar da ke kula da su. A nan na ɗanɗana wahalar da ba a rubutawa a takardun bincike. Bayanin tsarin da injiniyoyi suka rubuta cike yake da kalmomi irin su "sai na'urar ta duba saƙon". Ta duba me? Idan bai yi daidai ba, ta yi shiru ko ta amsa? Lambar da ta riga ta ƙirƙira, ta jefar ko ta ajiye? Mutum yana karantawa ya cike gibin da hankalinsa ba tare da ya sani ba. Manhaja ba ta cike maka komai. Duk inda bayanin ya yi shiru, dole ka zaɓa, kuma kowane zaɓi sharaɗi ne da hujjarka za ta dogara a kai. Na koma ina ajiye jerin waɗannan zaɓuɓɓuka daban, kuma daga baya ya zama sashen da masu duba takardar bincikenmu suka fi karantawa.

Akwai doka a rukuninmu da na ga amfaninta. Kafin ka tambayi manhajar ko maƙiyi zai iya sace mabuɗi, sai ka fara sa ta nuna maka cewa masu gaskiya biyu za su iya kammala musayar daga farko zuwa ƙarshe. Dalili kuwa, idan ka yi kuskuren harafi ɗaya a samfurinka, wato tsarin kamar yadda ka rubuta wa manhajar shi, har ya zama ba wanda ke iya kaiwa ƙarshe, to manhajar za ta ce maka komai lafiya, ba a sace komai ba. Kuma gaskiya ta faɗa, gidan da ba kowa a ciki ba a yi masa sata. Malamin da ke duba aikina ba ya ko kallon sakamako sai ya ga wannan shaida. In ka kawo masa labarin nasara, tambayarsa ta farko ita ce, "To, ka cire kariyar ka ga harin ya dawo?" Wato ka gurgunta tsarin da gangan, idan manhajar ba ta yi kuka ba, samfurinka ne makaho.

Sai kuma jira. Tambayar ko tsari yana da tsaro, idan ba a iyakance yawan musayar da za a iya yi ba, tana cikin tambayoyin da lissafi ya nuna babu hanyar da za ta amsa su a kowane hali. Saboda haka manhajar takan shiga zagaye ta ƙi fitowa, tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta har ta ƙare. Maganin shi ne ka shiga ka ga inda ta maƙale, ka rubuta mata ƙananan hujjoji na taimako, misali cewa wannan mabuɗi ba ya taɓa fita daga wannan na'ura sai an kama ta. Wannan sashe ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi koya mini tsarin da nake nazari.

Mutanen wannan fage ba su da yawa, kuma sun san juna. Babban taronsu na tushen tsaron kwamfuta ya fara ne a 1988 a matsayin ƙaramin zama a Franconia ta jihar New Hampshire a Amurka. ProVerif aikin Bruno Blanchet ne a Faransa, Tamarin kuma ta fito daga jami'ar ETH ta Zurich. Mutanen fagen suna da abin alfahari. Lokacin da ake rubuta TLS 1.3, tsarin da ke kare yawancin shafukan intanet, Cas Cremers da abokan aikinsa sun yi amfani da Tamarin sun gano hari a wani ƙari da ake shirin sawa, aka gyara kafin a fitar da shi a 2018. Rukunin David Basin sun bi tsarin katin banki na EMV da Tamarin, suka nuna yadda za a tsallake lambar sirri a wasu katunan Visa da ake biya da su ba tare da an soka su a na'ura ba. A Ostireliya kuma, a 2009, an kammala hujjar cewa seL4, zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, layi kusan 8,700 na harshen rubuta manhaja na C, tana yin daidai abin da aka tsara mata.

Amma labarin da na fi jin ana maimaitawa a tsakaninsu na faɗuwa ne. Musayar saƙo huɗu ta WPA2, wadda ke kare Wi-Fi, an yi mata hujjar tsaro tun 2005. A 2017 Mathy Vanhoef ya fito da harin KRACK, inda maimaita saƙo na uku ke sa na'ura ta sake ɗora mabuɗin da take amfani da shi, ƙidayar saƙonninta ta koma farko. Hujjar ba ta karye ba, mabuɗin bai fita ba, kamar yadda ta yi alkawari. Sai dai samfurin bai ce komai ba game da lokacin da ake ɗora mabuɗi, kuma ta nan harin ya shigo. Ni ina ganin wannan ne ya sa masu duba takarda a fagen suke da tsanani a kan sharuɗɗa fiye da kan sakamako, kuma ina ganin sun yi daidai, ko da yake ba daɗi idan kai ne a gabansu.

Na gamu da wannan tsanani da na gabatar da aikina a wani ƙaramin taro. Wata mai bincike ta tambaye ni me zai faru idan wuta ta ɗauke wa na'urar a tsakiyar musaya, ta tashi ta manta ƙidayar saƙonnin da ta riga ta karɓa. Bayanin injiniyoyin bai ambaci haka ba, samfurina ma haka. Na koma na ƙara doka guda da ke ba na'urar damar mantuwa a kowane lokaci. Sirrin mabuɗi ya tsaya da ƙafarsa, amma kariya daga maimaita tsohon saƙo ta faɗi, manhajar ta zana hanyar harin tsaf. A takardar da muka fitar, mun rubuta cewa wannan kariya tana nan ne kawai idan na'urar tana ajiye ƙidayarta a ma'ajin da ɗaukewar wuta ba ta gogewa, kuma muka aika wa masu tsarin shawarar su sa wannan sharaɗi a cikin bayaninsu.