Gilaisin gram 66 da kwallin Inna

A shekarata ta uku ina karatun bayokemistiri a Samaru, babu darasin da ya gundure ni kamar na yadda jiki ke ƙera hem, wato jan sinadarin nan mai ƙarfe a tsakiya wanda ke riƙe iskar oksijin a jini. Matakai takwas ne, kowanne da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke tafiyar da matakin, mai dogon suna. Na haddace su, na juye a takardar jarrabawa, na ci. Kafin a dawo daga hutu sun bi iska.

Wani dattijon malami ne ya dawo da ni kansu, lokacin da nake koyon aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Zariya. An kawo fitsarin wata mara lafiya da ake zargin tana da fofiriya, cutar da ke tasowa idan ɗaya daga matakan nan ya samu tangarɗa, har fofirin, wato zoben da ake gina hem a kansa, ya taru ya fito a fitsari. Na ajiye kwalbar a bakin taga, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar da shi tsaye a kanta.

"Ɗana, wa ya ce maka fofirin na shiri da haske?"

"Malam, na manta ne."

"Ba mantuwa ba ce. Sunansa ka sani, ba ka san halinsa ba."

Dole aka sake kiran matar daga ƙauyensu, ta sake biyan kuɗin mota. Wannan ya fi faɗan yi mini ciwo. A ranar ya zaunar da ni ya ba ni labarin David Shemin.

A 1945, a Jami'ar Columbia da ke Amurka, Shemin da abokin aikinsa David Rittenberg suna neman sanin kayan da jiki ke gina hem da su. Shemin ya haɗiye gram 66 na gilaisin, ɗaya daga tubalan furotin, da aka yi wa alama da naitirojin mai nauyi don a iya bin sawunsa a jiki, sannan aka yi ta ɗibar jininsa wata da watanni. Alamar ta bayyana a cikin hem, ta hau, ta daɗe a tsaye, daga baya ta fara sauka. Hawan ya nuna gilaisin na cikin tubalan ginin. Saukar kuma ta nuna tsawon rayuwar jar ƙwayar jini, wanda suka lissafa kusan kwana 127. Yau littattafai na cewa kimanin 120, ɗalibi ya rubuta a sakan biyu, bai san wani ya yi watanni yana miƙa hannu ana tsira masa allura ba. Da ya samu sakamako a makonnin farko ya tattara kayansa, da rabin amsar kawai zai samu. Ni kuwa a lokacin ko awa guda ba na iya jiran gwaji ba tare da na leƙa agogo ba.

Daga baya Shemin ya koma aiki da jinin agwagwa, har aka gano sinadarin ALA, wanda guda takwas ɗinsa ke haɗuwa su ba da zoben fofirin ɗaya. Da irin wannan alama aka auna jinin masu sikila aka ga ƙwayoyinsu na saurin mutuwa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a asibitin Shika ya san fassarar wannan ba sai an buɗe masa littafi ba.

Sai 2010 ta zo da gubar dalma a Zamfara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe, yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa har ta yi kisa, amma tana kuma toshe mataki na biyu da na takwas a ginin hem, shi ya sa jinin yaro ke ƙaranci. Matakan da na haddace don maki ke nan. Na ɗauko tsohon littafina na sake zana su da hannuna, a wannan karon ina tambayar kaina abin da zai taru a jiki idan kowanne ya tsaya.

Abin ya biyo ni har gida Tudun Wada. Da aka haifi 'yata, Inna ta fito da tandunta za ta rambaɗa mata kwalli. Kwallin dutse irin na gargajiya yawanci dalma ce a cikinsa. Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a ɗaga mata wannan." Ta ce da shi ta raine mu duka, ga mu nan garau. Ban kawo mata sunan enzayim ko ɗaya ba. Na ce mata dutsen ɗan'uwan wanda ya kashe yaran Zamfara ne, jaririya kuma hannunta daga ido sai baki. Ta yi shiru tana juya tandun, can ta mayar da shi cikin adaka ta ce a miƙo mata jikarta.