Kwana Biyar Tare da Masu Ƙwaryar Ƙarfe

Sarin yadi ne ya kai ni Bankok. Da kaya suka yi jinkirin fitowa, sai abokin cinikina ya ce in raka shi Ubon, can arewa maso gabashin Tailan, inda yake zuwa hidima a gidan zuhudun mabiya addinin Buddha mai suna Wat Pah Nanachat. Wani malaminsu ɗan Tailan, Ajahn Chah, ne ya kafa wurin a 1975 saboda almajiransa 'yan ƙasashen waje. Tun a ƙofa na faɗa musu ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa gunki ba, kuma zan riƙa sallata. Ba wanda ya ɓata fuska. Aka nuna mini makwanci, aka ba ni tsintsiya.

Sanga suke kiran jama'ar masu zuhudun. Ƙarfe uku na dare ake buga ƙararrawa. Gari na wayewa sai su fita a jere, ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryar ƙarfe. Da farko almajiranmu na tuna, amma su waɗannan ba sa buɗe baki su roƙa. Na ga wata tsohuwa durƙushe a bakin hanya, ta guntso shinkafa mai danƙo ta saka a kowace ƙwarya, ta haɗa tafukanta. Ita ce mai godiya. A karatun da suke rerawa safe da yamma, suna siffanta Sanga da masu bin hanya miƙe ba karkata, kuma gonar lada ga duniya. Tsohuwar nan shuka take yi.

Rana ta biyu na yi kuskure. Na ɗauko tiren ayaba na dire gaban wani dattijonsu, na juya. Ko kallonsa bai yi ba. Abokina ya raɗa mini cewa duk abincin da ba a miƙa musu hannu da hannu ba, ba sa taɓawa, ko da yunwa na cinsu, ga shi sau ɗaya suke ci a yini. Na koma na miƙa da hannu biyu, kunya ta rufe ni. Ya karɓa, bai ce komai ba.

Dokokinsu 227 ne, ba sa ma riƙe kuɗi. Duk mako biyu suke haɗuwa a karanto su, kuma kafin nan kowa zai sami ɗan'uwansa ya faɗa masa inda ya yi tuntuɓe. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, don a kasuwarmu mutum zai shekara bai ce "na yi laifi" ba. Girma kuwa da yawan daminar da ka yi cikin zuhudu ake lissafa shi, shi ya sa na ga mai furfura yana zaune bayan saurayi.

Da na dawo Kano, yaron shagona ne na fara nema. Akwai wata tsawa da na yi masa gaban mutane a kan kuɗin da daga baya na gano ni na ƙirga ba daidai ba. Wata huɗu ke nan ina sane.